Taurin makullin ƙofa: dalilai da gyara

Taurin makulli shi ne idan mabuɗi ya shiga ramin kuba amma ya ƙi juyawa sai da kokawa, ko ya juya amma ƙarfen da ke shiga bango ya cije. Makullan gidajen Jos da yawa masu silinda ne, wato ɓangaren da mabuɗi ke shiga ya juya, irin wanda wani Ba'amurke Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a 1861 ya sake inganta shi a 1865. A cikin silindar akwai ƴan ƙananan fil-fil da sifirin ke dannawa, haƙoran mabuɗi ne ke ɗaga kowanne daidai tsayinsa kafin silinda ta yarda ta juya, shi ya sa ƴar ƙura kaɗan ma ta isa ta hana ta aiki.

Kafin a taɓa komai, a buɗe ƙofar a juya mabuɗi tana buɗe. In ya juya sumul to makulli lafiyarsa ƙalau, ƙofar ce ta sauka ko ta kumbura. Wannan ya fi yawa da damina, musamman Yuli da Agusta da ruwan Jos ba ya ɗaukewa, katako ya sha ruwa ya cika firam. Maganinsa a ɗaure sukurorin hinji, ko kafinta ya ɗan goge ramin da ƙarfen ke shiga.

In kuwa a buɗen ma yana tauri, ƙurar hunturu ce ko tsatsa ko mabuɗin ya cinye. Nan ne mutane ke ɓata abin da kansu, sai kaga an ɗiga man gyaɗa ko baƙin mai, ya yi laushi na ɗan lokaci daga baya man ya kama ƙura ya zama danƙo ya fi da tauri. Abin da ya dace garin girafait ne, wato baƙin abin da ke cikin fensir, in babu a goga bakin fensir a haƙoran mabuɗi a zura a zare sau da yawa. Man feshi na WD-40 yana wanke datti amma ba ya daɗewa. Kuma kar a sa filaya a murɗa da ƙarfi, mabuɗin karyewa zai yi a ciki.

Ta fuskar tsaro, tsadar makulli ba ita ce komai ba. Silindar da ta leƙo waje sosai ana iya kama ta a karya, ƙaton kwaɗo a kan siririyar sakata mai gajerun sukurori kuwa sakatar kawai za a ɓamɓare. Firam da hinji su ake fara dubawa ko ƙofar ta katako ce daga kasuwar Katako ko ta ƙarfe daga wajen mai walda. Wanda ya kama sabon gidan haya ya canja silinda, don bai san kwafi nawa tsofaffin ƴan haya suka yanka ba. Ƙofar bogila kuma mabuɗinta ya zauna inda kowa a gidan ya sani saboda gobara.