Sipor na inji ya mutu a motar gudu: amsoshin da bakina ya gaji da su

A Garwa garejina yake. Tun da samari suka fara shigo da BMW da Mercedes masu ƙofa biyu ta Duwala da Kwatano, kusan kullum sai wani ya tsaya a kaina da tambayoyin nan kan sipor na inji da ya mutu, ni kuwa ina ƙarƙashin mota mai na ɗiga mini a fuska. Ga su nan a rubuce. Wanda ya sake tambayata, nan zan turo shi.

Zan iya ci gaba da hawa haka zuwa ƙarshen wata?

Za ka iya, mota taka ce. Amma injin da ba a riƙe ba yana tsalle, kuma duk tsallen da ya yi yana jan tiyon ruwa, yana murɗa salansa, yana tura fanka zuwa lagireto. Na ga fanka ta cinye lagireto a hanyar Gidar saboda robar da mai motar ya ce sai an biya albashi. Daga baya kuɗin da ya kashe ya ninka sau da yawa. In dole ne, lallaɓa ta cikin gari, kada ka nufi Marwa.

Mene ne sipor ɗin ma?

Roba ce tsakanin ƙarfe biyu, inji na zaune a kanta. Wasu na cewa silanbulok, 'yan'uwanmu na Yola da Mubi na cewa injin sitin. Yana riƙe inji, yana shanye rawarsa. A motocin Jamus da yawa akwai ruwa a cikinsa. Shi ke nan.

Ɗaya ne kawai ya mutu, sai na canza biyun?

Eh.

Me ya sa?

Rana ɗaya aka ɗaura su, shekarunsu ɗaya. In ka sa sabo mai tsawo a gefe guda ka bar tsoho da ya lotsa a ɗaya gefen, inji zai zauna a karkace, sabon ya ɗauki wahalar biyu. A mota irin BMW E36 da E46 da Z3, wadda injinta ke miƙe kuma tayoyin baya ke turawa, duk lokacin da ka taka totur inji na ɗagowa ta gefen direba. Shi ya sa na hagu yakan yage. Na dama kuma a injin BMW mai silinda 6 yana maƙwabtaka da salansa, zafi ke dafa shi. Tunda mota na sama, a duba sipor na akwatin giya ma.

Sitiyari na rawa in mota na silo. Sipor ne?

Ba dole ba, ƙanena. Kafin ka zargi roba, faɗa mini man da ka sha. In zuwa-zuwa ne na kwalba a bakin titi, ko fulogi ya tsufa, ko kowil ɗaya ya mutu, inji zai yi ɗingishi, kuma ko sipor na zinariya ka sa sai ka ji rawar. Gwajin ba wuya. A buɗe bonet, a ja birkin hannu, ka danne birki da ƙarfi, ka sa D ka ɗan taɓa totur, sannan ka sa R ka maimaita. In mai kuloci ce, giya ɗaya, ka ɗan saki kuloci kaɗan. Mai kallo ya tsaya a gefe, ba a gaban mota ba, don Allah. Inji ya ɗan motsa, lafiya ne. Ya yi tsalle ya faɗo da ƙara kwas, sipor ya tafi. Sai a leƙa da tocila: tsagewa a roba, ko alamar baƙin ruwa da ya zubo daga jikinsa ya bushe.

Ai motar ba ta yi tafiya da yawa ba, yaya za a ce ya mutu?

Alhaji, agogon kilomita ba ya lissafin tsufan roba. An daina ƙera E46 a 2006, Mercedes SLK ta farko a 2004. Ƙirga shekarun da kanka. Ƙara da zafin Garwa na Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, da ramukan hanyar Mora zuwa Kuseri, da tudun rage gudu da ake hawa da motar da aka ƙera don titin Jamus. Babban makashinsa kuwa baƙin mai ne. In gaskit na yoyo ko man sitiyari na ɗiga a kai, robar za ta kumbura ta yi laushi. Wanda ya sa sabon sipor bai toshe yoyon ba, zai dawo wurina, kuma ba zan tausaya masa ba.

Babu orijina a Garwa, an ce sai an aiko daga Duwala. In sayi na hannu, ko sabo mai araha, ko a yanka mini taya, ko in sa mai tauri irin na 'yan tsere?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Amsarta ta danganta da motar, da aljihunka, da abin da kake yi da ita.

In za ka iya jira, ka jira. Ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17 daga kart giris, wato takardar rajistar mota, ka aika wa mai sayarwa, kada ka ce masa “na BMW” kawai, don mota ɗaya takan zo da inji iri-iri kuma sipor ɗinsu na iya bambanta. Kamfanoni irin su Lemförder da Corteco suna yin nagari, sai dai kwali ba shaida ba ne, ana buga kowane suna a kwali. Saya wurin wanda za ka iya mayar masa da kaya.

Na hannu, daga kasuwar Kam Yabasi ne a Duwala ko daga ta Ƙofar Ruwa a Kano, caca ne. Daga mota mai shekaru irin na taka aka cire shi. Wani lokaci ana dacewa, musamman in motar haɗari ce da aka canza mata sipor kafin ta mutu. In za ka saya, ajiye shi kusa da naka a kan tebur ka gwada tsawo. In bai fi naka tsawo ba, ka sayi gawa ne. Lanƙwasa robar da hannu ka nemi tsagewa, ka duba alamar yoyo. Ko ya ci duk wannan jarrabawar, ban yi maka alkawarin zai ga damina biyu ba.

Sabo mai araha kuwa, a nan nake saɓa wa wasu abokan sana'ata. Da yawansu roba ce zalla a ciki, babu ruwa. Za ka ɗan ji rawa a silo fiye da da, musamman in ka kunna na'urar sanyi. Amma abin da babu ruwa a ciki ba ya fashewa ya zubar, kuma a hanyoyinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalar ita ce ba ka san robar da aka yi shi da ita ba: wani ya jure, wani ya lotsa kafin ka gama biyan bashin sa shi. In mai motar ba mai tsantseni ba ne, nakan sa masa, bayan na faɗa masa gaskiya.

Tayar babbar mota da ake yankawa a huda a zura dogon noti, na yarda da ita a wuri ɗaya tak: ka lalace tsakanin Ngaundere da Garwa kana son isa gida. Ka iso, a cire. Notin da ya ratsa daga sama har ƙasa yana kai rawar inji kai tsaye cikin jikin mota. Cika sipor da baƙin gam na gilashin mota yana ɗan aiki a sipor na gaba da na baya irin na Toyota Celica, masu roba da ramuka, in an bar shi ya bushe kwanaki. A mai ruwa ɓata gam ne. Walda kuma kada ma ka furta. Hannun da ke riƙe inji a motoci da yawa alminiyom ne, in babu robar da za ta sha duka, shi zai tsage.

Mai tauri na foliyuretan, wato wata irin roba mai ƙarfi, in kana son giya ta shiga tsaf kuma mota ta amsa totur nan take, zai ba ka hakan. Zai kuma sa madubi rawa, dashbod ya yi ta kuka, uwargida ta daina shiga motar. An yi shi don filin tsere. Ni ban ga filin tsere a Garwa ba, sai dai in kana nufin gadar Binuwai da tsakar dare, wannan kuwa tsakaninka da jandarma.

Yaron gareji zai iya yi mini a ƙofar gida?

In yaron da ke sa jak kai tsaye a ƙarƙashin tukunyar baƙin mai ne, a'a. Tukunyar alminiyom ce a yawancin motocin nan, tana fashewa. A sa katako mai faɗi tsakani, ko mafi kyau a rataye inji ta sama da ƙarfe. A ɗaga kaɗan kaɗan, ana kallon fanka da tiyo da wayoyi. Mota ta zauna a kan ƙafafun ƙarfe, ba a kan bulo ba. Kuma kada kowa ya zura yatsa tsakanin inji da sipor. Sabon yana da ɗan ƙusa da ke shiga raminsa, a tabbata ya shiga. A kama notin da hannu, a sauke inji ya zauna da nauyinsa, sannan a ɗaure gwargwadon abin da littafin motar ya ce.

An canza, amma ina jin motar daban.

Kwantar da hankalinka. Ka saba da inji a kwance ne, yanzu ya koma mazauninsa. Hau ta kwana biyu. In akwai sabuwar ƙara, yawanci salansa ce da aka gyara zamanta lokacin da inji ke lotse, yanzu tana taɓa jiki. Kawo ta da safe kafin rana ta yi, inji da sanyi, in sassauta in daidaita.