Fasaha: Wa Ya Ce Kwando Ba Ya Ciki?

Kwanan nan ko wace tasha ka murɗa, "fasahar zamani" za ka ji. Gwamna ya raba kwamfuta, an ce fasaha. An buɗe wurin koyon gyaran waya, shi ma fasaha. Kalmar dai daga Larabci ta zo, inda take nufin iya magana, Bahaushe kuwa ya daɗe yana yabon mawaƙi da magini da ita. Wannan faɗaɗawar ba ta dame ni ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rabon da 'yan boko suka shigo da shi: wai abin da aka zana aka rataye a bango shi ne fasaha, abin da ake zuba kaya a ciki kuwa "sana'ar hannu" ce, a kai shi rumfar baje koli.

Mu leƙa jihar Maine, can kusurwar arewa maso gabashin Amurka, wurin Wabanaki, wato ƙabilun asali irin su Passamaquoddy, Penobscot, Maliseet da Mi'kmaq, waɗanda ƙasarsu ta ratsa har Kanada. Kwandonsu daga wata bishiyar fadama ake yin sa, mai suna ash. Masaƙi zai shiga daji ya zaɓi miƙaƙƙiya wadda ba ta da kulli, ya sare, ya ɓare bawon, sa'an nan ya yi ta dukan gungumen da ƙeyar gatari har zoben itacen da bishiyar ke ƙarawa kowace shekara ya saki ɗan'uwansa, ya ɓanɓaro shi kamar dogon ƙyalle. A tsaga, a kankare, a yanka siriri, a haɗa da wata ciyawa mai ƙamshi da ake kitsawa. Ba a ma fara saƙa ba ke nan. Wanda ya kuskure zaɓen bishiya ya yi asarar duk wahalar nan, kuma ni a wurina tun daga wannan idon fasaha ta fara.

Shekaru aru-aru ba haka ake kallon abin ba. Manyan kwanduna na gonakin dankali ne a yankin Aroostook, ƙanana masu ado, siffar masara ko 'ya'yan itace, ana sayar wa 'yan yawon shaƙatawa a garin Bar Harbor na bakin teku a matsayin tsaraba. A 1993, da masaƙiya Theresa Secord da wasu suka kafa ƙungiyar masaƙa kwando ta 'yan asalin Maine, matsakaicin shekarun masu aikin 63 ne. Sai dattawa irin su Molly Neptune Parker suka zage suna koyarwa.

Daga cikin yaran da suka taso akwai Jeremy Frey, Ba-Passamaquoddy. A 2011 kwandonsa ya doke duk wani aiki da aka kai kasuwar fasahar 'yan asali ta birnin Santa Fe. A 2024 gidan adana fasaha na birnin Portland da ke Maine ya ware masa nuni shi kaɗai, daga baya aka kai Chicago, a 2025 kuma ya samu kyautar MacArthur, babbar kyautar kuɗi da ake ba masu hazaƙa a Amurka. Nan take marubuta suka ce ya "ɗaukaka sana'a zuwa fasaha". Ɗaukaka daga ina? Saƙarsa ta fi ta magabata siranta, ba musu, amma wurin mahaifiyarsa ya koya, bishiyar ɗaya ce, dukan gungumen ɗaya. Akwatin gilashi aka ƙara, da farashi.

Su kansu masaƙan yanzu wata damuwar ce a gabansu. Wani koren ƙwaro ɗan Asiya, da aka fara gani a Michigan a 2002, yana cin ƙarƙashin bawon ash har ta bushe, kuma a 2018 ya iso Maine. Shi ya sa suka haɗa kai da masana daji suna tara irin bishiyar suna adanawa.