Ƙarfen da ke haske a ƙarƙashin fitilar UV: amsoshin tambayoyin da na gaji da ji

Duk shekara in aka raba wa 'yan aji huɗu aikin bincike, sai an yi mini layi a bakin ofis da tambayoyi iri ɗaya kan polimar haɗin ƙarfe mai haske a ƙarƙashin UV, wato hasken da ido ba ya gani. To ga su na rubuta. Wanda ya sake zuwa da ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

Malam, wai mece ce ita?

Ayon ɗin ƙarfe ne, wato ƙwayar ƙarfe mai caji, da ƙwayoyin sinadari masu kabon, waɗanda muke kira ligan, suke riƙe da juna suna ta maimaituwa. Wata ta miƙe kamar sarƙa, wata ta shimfiɗu kamar tabarma, wata ta tashi kamar gini. Mai ramuka a ciki ita ce MOF. Shafin farko na kowane littafi ke nan.

Zan iya ɗaukar jan ƙarfe, tunda shi ne a sito?

Haske kake nema ko sauƙi? Ayon ɗin jan ƙarfe mai caji 2, da baƙin ƙarfe mai caji 3, da kobal da nikel, yawanci shanye kuzarin suke yi su mai da shi zafi. Nemi zinki, ko yurofiyom, ko tabiyom. Kadmiyom ma yana yi, amma guba ne, ba na son ganinsa a hannun wanda ke cin gyaɗa a ɗakin gwaji.

Daga ina hasken yake fitowa?

In zinki ne, galibi daga ligan ɗin ne: ƙarfen ya ɗaure shi ya hana shi motsi, sai kuzarin ya fita a shuɗin haske. Yurofiyom da tabiyom kuwa ragwaye ne wajen shan haske. Ligan ne ke sha ya miƙa musu, kamar eriya da rediyo, sai yurofiyom ya fitar da ja a wajen nanomita 615 (ma'aunin tsawon zangon haske ke nan), tabiyom kuma kore a 545. Tun 1942 masanin sinadarai Weissman ya gano wannan.

Sabon fanni ne?

A'a. Shuɗin Farusha, wani launin fenti da aka haɗa a Jamus a farkon ƙarni na 18, ɗan gidan ne. Richard Robson ya buɗe hanyar zamani a Ostareliya a 1989, Omar Yaghi ya fito da MOF-5 a 1999, su biyun tare da Susumu Kitagawa suka karɓi kyautar Nobel a 2025.

Na haɗa nawa da yurofiyom, na haska, ko ƙyalli babu. Aikin ya lalace?

Kwantar da hankalinka, wataƙila bai lalace ba. Amma ba zan yanke hukunci daga kan kujera ba, don dalilan suna da yawa, wani lokacin ma biyu ne suka haɗu.

Fara da fitilar. Irin ta duba jabun kuɗi tana ba da wajen nanomita 365, alhali ligan da yawa sai ƙasa da 300 suke sha sosai. Ka koma ta 254, amma ka juye garin daga kwalbar, domin gilashi na yau da kullum tare wannan hasken yake yi. Ka sa tabarau, ka rufe hannunka, tana ƙona ido da fata.

In ba fitila ba ce, ruwa na fi zargi. Ƙwayar ruwan da ta manne wa yurofiyom tana sace kuzarin ta hanyar girgizar O–H, wato haɗin oksijin da haidurojin da ke cikinta, tabiyom bai kai shi jin jiki ba. Busarwa takan taimaka, sai dai wani ginin da ruwan yake tsaye, kana korarsa ya rushe. Don haka a duba tsarin ginin da X-ray kafin busarwa da bayanta. Mai halin samun ruwa mai nauyi, D₂O, ya gwada: in hasken ya ƙaru, an kama ɓarawo.

Yana kuma yiwuwa ligan ɗin ne bai dace ba. Matakin kuzarin da yurofiyom ke fitar da haske daga kansa yana wajen 17,200 a ma'aunin kuzari na cm⁻¹, na tabiyom wajen 20,500. Dole matakin ligan ya ɗara haka da tazara. In ya yi kusa, kuzarin komawa yake yi inda ya fito, kuma wanki ko busarwa ba sa gyara wannan. Sai an sake ligan. Kafin nan dai ka dubi cokalin da ka ɗebi garin da shi. In da tsatsa, ba sai na faɗa ba.

Nawa ya yi shuɗi shar! Na gama?

A kan me ka zuba shi? Wata ɗaliba ta taɓa shigowa tana murna da hoto a waya, ashe farar takardar da ke ƙarƙashi ce ke haske. Takarda da rigar da aka wanke da omo duk suna yi. Ragowar ligan da ba a wanke ba ma haka. A wanke, a zuba a baƙin faranti, a gwada ligan shi kaɗai a kwatanta.

In na kashe fitila zai ci gaba kamar hannun agogo?

Yawanci a'a. Na yurofiyom ɗaukewa yake cikin kusan kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa.

Na ɗiga baƙin ƙarfe hasken ya dushe. In rubuta cewa na ƙirƙiro na'urar gano shi?

Kada ka soma. Ruwan baƙin ƙarfe da kansa yana shan UV, ya tare hasken tun bai isa garin ba. Auna wannan tukuna, ka gwada wasu ƙarafan, sannan ka kawo mini takardar.