Dandalin karatu na jami'a: ayyukan da ba na koyarwa ba

Dandalin karatu na intanet manhaja ce da jami'a ke tanada domin malamai su ɗora darasi, su karɓi aikin ɗalibai, su ba da maki. Daga cikin sanannun akwai Moodle da Blackboard da Canvas da Sakai. Duk da cewa don aji aka gina su, jami'o'i na buɗe shafuka a cikinsu domin kwamitoci, ƙungiyoyin ɗalibai, horar da ma'aikata da ayyukan bincike.

Tarihi

Wannan ɗabi'a ta girmi intanet ɗin da aka sani a yau. A shekarar 1960 Donald Bitzer ya fara tsarin PLATO a Jami'ar Illinois da ke Amurka, da nufin koyarwa ta kwamfuta. A 1973 wani matashi mai suna David Woolley ya rubuta wa PLATO manhajar Notes, wadda asalinta wurin kai rahoton matsalolin tsarin ce. Ba a daɗe ba mutane suka mai da ita dandalin hira. Kowa na iya rubuta saƙo, wasu su jero amsoshinsu a ƙarƙashinsa, kuma zuwa wajajen 1976 an ba masu amfani damar buɗe zauruka na kansu a kan siyasa, addini, fina-finai da duk abin da ya zo musu a rai. A cikin 1973 ɗin ne kuma Doug Brown ya ƙirƙiro Talkomatic, inda mutum biyar ke hira a ɗaki guda, kowane harafi yana bayyana a allon sauran da zarar an danna shi. Wasannin kwamfuta ma sun samu wurin zama, irin su Empire, har sai da hukuma ta riƙa taƙaita lokacin yin su. Ray Ozzie, wanda ya yi amfani da PLATO yana ɗalibi, daga nan ya samo tunanin Lotus Notes, manhajar ofis da ta fito a 1989.

Dandalan zamani sun biyo baya ne a tsakiyar shekarun 1990. Murray Goldberg ya fara WebCT a Jami'ar British Columbia ta Kanada wajajen 1995, aka kafa kamfanin Blackboard a 1997, Martin Dougiamas kuma ya fitar da Moodle daga Ostireliya a 2002. Sakai ce ta fi fitowa fili da manufar amfani da dandalin wajen ayyukan da ba na koyarwa ba. Jami'o'in Michigan da Indiana da Stanford da cibiyar MIT ne suka haɗa hannu a kanta a 2004, kuma tun farko ta tanadi shafin aikin haɗin gwiwa daban da shafin darasi, wanda masu bincike ko 'yan kwamiti za su iya buɗewa ba tare da wani kwas ba. Canvas ta zo a 2011.

Yadda ake amfani da shi

Abin da ke jawo mutane shi ne sauƙi: kowane ɗalibi da ma'aikaci yana da lambar shiga tun tuni, ba sai an sayi wata manhaja ko an koya wa kowa sabon abu ba. Sakataren kwamiti kan ɗora ajanda da bayanan zaman da ya gabata a inda malami zai sa darasin mako. Sashen gwaji ya zama wurin jin ra'ayi, akwatin miƙa aikin gida kuma ya koma wurin karɓar takardun neman tallafi. Da yake matsayin da manhajar ta sani na aji ne, sau da yawa sakataren ne ke shiga a matsayin “malami”, farfesoshin kwamitin kuma a rubuce “ɗalibai” ne.

Ana kuma amfani da shi wajen wayar da kan sababbin ɗalibai, da horo na dole kan tsaron ɗakin gwaji ko ƙa'idojin bincike, inda ba a buɗe wa mutum mataki na gaba sai ya ci gwajin na baya. Rufe jami'o'i a 2020 saboda cutar korona ya ƙara yawan irin waɗannan shafuka.

Bibiyar ɗalibai

Dandalin na ajiye tarihin wanda ya shiga, da lokacin, da abin da ya buɗe. Wajajen 2007 Jami'ar Purdue ta fara gwada Course Signals, tsarin da ke amfani da irin waɗannan bayanai wajen nuna wa ɗalibi alama kore ko rawaya ko ja, kamar danjar titi, gwargwadon haɗarin faɗuwarsa. An yi iƙirarin cewa tsarin ya rage barin makaranta, amma a 2013 masu nazari sun ƙalubalanci alƙaluman.

Matsaloli

Dokar FERPA ta 1974 a Amurka da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 sun iyakance abin da za a yi da bayanan ɗalibi. Masu kula da manhajar na iya ganin abin da ke cikin shafuka, don haka wasu jami'o'i ke hana ajiye takardun sirri a ciki. Tsarin share tsofaffin kwasa-kwasai bayan 'yan shekaru kan haɗa da takardun kwamiti idan ba a ware su ba. Shigar da baƙi daga wata jami'a kuma sai an nemi izini na musamman.