Wane tsari zan bi in karance Littafi Mai Tsarki cikin shekara guda?

Sura nawa ya kamata in karanta kullum?

Littattafai 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari, kuma surorinsu gaba ɗaya 1,189. In aka raba su kan kwana 365, ya kama sura uku da ɗan ɗoriya a rana. Sai dai surorin ba tsawonsu ɗaya ba: Zabura 117 aya biyu ce rak, Zabura 119 kuwa aya 176. Masu amfani da Littafi Mai Tsarki na Katolika, mai littattafai 73, su nemi tsarin da ya haɗa da sauran bakwai ɗin.

Me zai hana in fara daga Farawa in miƙe har ƙarshe?

Babu abin da zai hana, kuma shi ya fi sauƙin bi, alamar shafi kawai kake bukata. Amma ka san abin da ke gabanka. Watan Janairu zai wuce cikin daɗi, ga Ibrahim, ga Yusufu, ga ƙetare teku. Farawa da Fitowa sura 90 ne, saboda haka da kamawar Fabrairu kana cikin Littafin Firistoci, kana karanta ƙa'idodin hadayu da yadda firist zai duba cutar fata. Nan ne ƙafar mutane da yawa ke sanyi. Sa'an nan ba za ka isa Matiyu ba sai Oktoba. Wata tara ba ka buɗe Bishara ba! Ni dai ban ba sabon mai bi shawarar wannan hanya.

To, tsarin bin tarihi fa?

Shi yana jera nassosi bisa lokacin da abubuwa suka auku. Ka karanta yadda annabi Natan ya tsaya gaban Dawuda a 2 Sama'ila 12, nan take sai ga Zabura 51, kukan tuban mutumin da aka fallasa. Ko kana cikin Ezra 5, ginin Haikali ya tsaya, sai ka ji muryar Haggai da Zakariya suna zuga jama'a. Annabawan da dā suke maka duhu sai su samu mazauni. Abin lura, ba kowane littafi ne masana suka yarda kan lokacinsa ba, Ayuba da Yowel misali, don haka jerin ya kan bambanta daga tsari zuwa tsari. Ya fi dacewa da wanda ya taɓa saukewa.

Wanne ka fi so?

Wanda ke haɗa Tsoho da Sabo kowace rana. Sananne a cikinsu shi ne na Robert Murray M'Cheyne, wani fasto a Dandi ta Sukotilan, wanda ya shirya wa ikilisiyarsa a 1842. Wuri huɗu ake karantawa kullum, a sauke Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu. Amfaninsa, ranar da jerin sunayen zuriya ya gajiyar da kai, akwai wata sura a gefe da za ta ciyar da zuciyarka. Yana da nauyi, gaskiya. Mai ƙarancin lokaci ya ɗauki biyu cikin huɗun, ya kammala a shekara biyu.

In duk wannan ya fi ƙarfina?

Ɗauki Sabon Alkawari kaɗai. Sura 260 ne, wato sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 52 cif.

Na yi fashin mako biyu. In bari sai sabuwar shekara?

A'a, ɗan'uwana, kada ka bari. Kada kuma ka zauna ka haɗiye sura 45 a dare ɗaya don cike gurbi, idanu na gudu, zuciya ba ta kama komai ba. Ko dai ka ci gaba daga inda ka tsaya, ka yarda za ka gama a Janairu mai zuwa, ko ka kama karatun yau ka sa alama kan abin da ya wuce ka. Shi ya sa nake son takardar da aka rubuta "rana ta 1, rana ta 2" maimakon kwanan wata. Ka kuma nemi mutum ɗaya da za ku riƙa tambayar juna ƙarshen mako: ina ka kai, me ya tsaya maka a rai?