Yawon Zagaye a Tuddan Cotswolds

Yawon zagaye tafiya ce ta ƙafa wadda mutum yake farawa daga wani ƙauye, ya bi ta gonaki da makiyaya da kan tuddai, sannan ya komo inda ya tashi ba tare da ya maimaita hanya ba. A Ingila, ɗaya daga cikin yankunan da suka shahara da irin wannan yawo shi ne Cotswolds, jerin tuddai masu hawa da sauka a yammacin tsakiyar ƙasar, waɗanda mafi yawansu suke cikin gundumomin Gloucestershire da Oxfordshire. A shekarar 1966 aka sanya yankin cikin wuraren da doka ta kare saboda kyan shimfiɗarsu, kuma faɗinsa a yau ya ɗan haura murabba'in kilomita 2,000. Tudun da ya fi tsawo shi ne Cleeve Hill, kusa da garin Cheltenham, mai tsayin mita 330.

Asalin turbobin

Ba don shaƙatawa aka fitar da turbobin da ake bi a yau ba. Sawun mutanen karkara ne ya tsaga su a tsawon ɗaruruwan shekaru, wata daga gida zuwa coci, wata zuwa kasuwa ko wurin niƙa, wata kuma ta makiyaya ce masu kora tumaki. A zamanin tsakiya arzikin yankin gaba ɗaya ya rataya ne a kan ulun tumaki, wanda fatake suke kaiwa har yankin Flanders, wanda mafi yawansa yake cikin Belgium ta yau, da Italiya. Da ribar wannan fatauci aka gina manyan majami'un garuruwan Chipping Campden da Northleach da Cirencester, waɗanda hasumiyoyinsu har yanzu suke zame wa matafiyi alama daga nesa. Jerin gidajen Arlington Row a ƙauyen Bibury ma an ce wajajen 1380 aka gina su don ajiyar ulu, daga baya a ƙarni na 17 aka mai da su gidajen masaƙa.

Yawancin ginin yankin da dutse iri ɗaya ake yin sa, wani dutsen farar ƙasa mai launin zuma da ake haƙowa a nan gida. Da shi aka jera katangun da suka raba gonaki, dutse bisa dutse, babu siminti babu laka, nauyinsu kaɗai yake riƙe su. Yawancin katangun sun samu ne a ƙarni na 18 da na 19, lokacin da aka yanyanka filayen gama-gari aka killace su. Killacewar ta toshe wa talakawa wurare da dama, amma tsofaffin turbobi masu yawa sun tsira, shi ya sa mai yawo yakan iske wani faffaɗan dutse a tsaye cikin katanga, da matakala ɗaya ko biyu a gindinsa, wanda mutum zai ƙetare amma tunkiya ba za ta iya ba.

Doka da 'yancin wucewa

Abin da ya sa yawon zagaye ya yiwu shi ne dokar Ingila ta yarda turbar jama'a ta ratsa gonar mutum, kuma mai gonar ba shi da ikon tare ta. Wannan 'yanci ya sha gwagwarmaya. A ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan masu yawo suka hau tsaunin Kinder Scout da ke arewacin ƙasar ba da izinin masu filin ba, aka ɗaure biyar daga cikinsu. A 1935 aka kafa ƙungiyar masu yawon ƙafa ta Ramblers, sannan dokar 1949 ta wajabta wa hukumomin gundumomi su zana kowace turba a taswirar hukuma, wadda ita ce hujja idan gardama ta tashi. Turbobin da ke Ingila da Wales sun kai kimanin mil 140,000.

Kibiya ruwan ɗorawa a jikin ƙofa ko turke tana nufin hanyar masu ƙafa kaɗai, shuɗiya kuma tana nufin mai doki da mai keke ma suna iya bi. Idan manomi ya yi huɗa ta kan turbar da ta ratsa gonarsa, doka ta ba shi kwana 14 ya maido da ita yadda za a gane ta. Mai yawo kuma aikinsa ne ya tsaya a kan turba, ya bar ƙofa yadda ya same ta, ya kuma riƙe karensa kusa da dabbobi. Batun tsofaffin turbobin da ba su shiga taswira ba har yanzu ana ja-in-ja a kansa tsakanin masu filaye da ƙungiyoyin masu yawo.

Fitattun zagaye

Doguwar hanyar Cotswold Way, mai tsawon mil 102 daga Chipping Campden zuwa birnin Bath, ta shiga jerin manyan hanyoyin yawon ƙafa na ƙasa a 2007, kuma gajerun zagaye da yawa daga jikinta suke tsirowa. Ɗaya daga ciki yana tashi daga ƙauyen Broadway ya haura zuwa hasumiyar da aka gina a kan tudu a ƙarshen ƙarni na 18, mita 312 sama da teku, sannan ya gangaro ta wata turbar dabam. Wani kuma yana barin garin Winchcombe ya hau zuwa Belas Knap, tsibin kabari na mutanen zamanin dutse wanda ake ƙiyasin shekarunsa sun kai 5,000, kuma a hanyar dawowa ana hango fadar Sudeley, inda aka binne Katherine Parr, matar ƙarshe ta Sarki Henry na Takwas, a 1548.

Mafi sauƙi shi ne wanda ya haɗa Bourton-on-the-Water da ƙauyukan Lower Slaughter da Upper Slaughter, inda turba take bin gefen ƙoramar Eye ta wuce tsohon gidan niƙa mai aiki da ruwa, mai dogon bututun hayaƙi na jan bulo. Ko da yake Slaughter a Turanci yana nufin yanka, sunan ƙauyukan ba shi da alaƙa da yanka, ya fito ne daga tsohuwar kalma mai nufin wuri mai taɓo.

Kula da hanyoyi

Wata ƙungiyar 'yan sa kai da aka kafa a 1968 tana gyara katangu da ƙofofi, tana kuma jagorantar baƙi. Da hunturu turbobin kwari sukan cika da laka, kuma duhu yana shigowa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma.