Wanda ba shi da addini, ya dace ya shiga bikin Kirsimeti?

Su wane ne ake magana a kansu?

Mutanen da ba sa bin kowane addini, kuma a Turai sun yi yawa. Ƙidayar 2021 a Ingila da Wales ta nuna kashi 37 cikin ɗari sun ce ba su da addini, Kiristoci kuwa kashi 46 ne. Da yawansu a gidan Kirista aka haife su, har yau kuma akwai tsohuwa da ke jiran su ranar 25 ga Disamba. Batun Musulmi da Kirsimeti daban ne, malamai ke magana a kansa.

Ba munafunci ba ne mutum ya yi bikin abin da bai yarda da shi ba?

A ganina ba munafunci ba ne, muddin bai yi ƙarya kan abin da ke zuciyarsa ba. Akwai ibada a coci, akwai kuma zumunci a gida, kuma ba abu ɗaya ba ne. Uwa ta kwana tana girki, ta ajiye wa ɗanta kujera a gefenta. In ya ƙi zuwa don wai ya bar addini, ita ce za ta kwana da ciwon abin.

Tarihi ma ya nuna mutane kan riƙe bikin ko da babu aƙidar. A Japan Kiristoci ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma tun da KFC, kamfanin sayar da soyayyiyar kaza, ta fara tallan Kirsimeti a 1974, cin soyayyiyar kaza a lokacin ya zama al'ada. Tarayyar Sobiyat ta hana bikin, amma a 1935 sai ga bishiyar da ake ƙawatawa a Kirsimeti ta dawo da sunan bishiyar sabuwar shekara.

Kiristoci ba sa jin haushi?

Wasu suna ji, kuma ina fahimtar su. Suna ganin sayayya da shagali sun danne haihuwar Yesu Almasihu. Sai dai wannan kuka ya girmi marasa addinin yau: a 1647 majalisar dokokin Ingila ta haramta bikin, a 1659 kuma mahukuntan Massachusetts, a Amurka ta yau, suka sa tarar sule biyar ga wanda ya yi shi. Kiristoci ne masu tsantseni suka yi hakan.

To idan aka gayyace shi coci fa?

Nan ne ake son kula. Ya je, ya zauna da ladabi, ya tashi in an tashi. Amma kada ya furta shaidar bangaskiyar da bai yarda da ita ba, kada kuma ya karɓi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a lokacin ibada. A cocin Katolika wannan na 'yan cocin ne. In ya ga mutane sun yi layi zuwa gaba, ya zauna a wurinsa. A coci-coci da dama a Ingila, wanda ba zai karɓa ba yakan gitta hannayensa a ƙirji, limami ya sa masa albarka kawai.

Wanda ya ce shi ba zai shiga ba fa?

Haƙƙinsa ne, kada a matsa masa. Ya faɗa wa iyalinsa da wuri, cikin laushin harshe, kafin a sayi cefane da lissafinsa.